Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Majalisar Yankin Aktik: Kilomita Huɗu Tsakanin Jiya Da Gobe

Zuwa ga shugabannin Majalisar Yankin Aktik, wato yankin ƙanƙara da ke ƙarshen arewacin duniya, da wakilan ƙasashe takwas da ke cikinta, da ƙungiyoyi shida na 'yan asalin yankin da ke zama tare da su, ta hannun sakatariyar majalisar da ke Tromso a ƙasar Norwe.

Ranku ya daɗe,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Bayan haka, na san za ku yi mamakin samun takarda daga ƙasar da ba a ganin ƙanƙara sai a shagon mai sayar da ruwan sanyi. Ni tsohon malamin labarin ƙasa ne, na tsufa da alli a hannu a arewacin Katsina. Sanyin da na sani bai wuce na hunturu ba, wanda da mutanenku za su zo su same mu muna ƙudundune a bakin wuta saboda shi, da sun yi mana dariya. Duk da haka akwai wata magana ta yankinku da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na ga gara in faɗa muku ita tun da sauran numfashi.

Duk shekara idan muka zo darasin layin nan da kwanan wata ke sauyawa a kansa, nakan fara da kacici-kacici. In ce wa yara: a ina ne mutum zai tsaya a ƙofar gidansa yau, ya hangi gobe da idonsa? Su yi ta canka, wani ya ce a mafarki, wani ya ce wajen boka. Sai in ɗauko taswirar nan mai kama da ƙwallo, in juya ta can sama inda Alaska da Saberiya suka kusa haɗa goshi, in nuna musu ɗigo biyu a tsakiyar mashigin Bering. Ga Ƙaramin Diyomid na Amurka, ga Babban Diyomid na Rasha. Tsakaninsu bai cika kilomita 4 ba, tafiyar da yarinya mai tallar fura ke yi kafin hantsi. Amma iyakar ƙasashen biyu ta bi ta tsakiya, layin kwanan wata ma ya bi ta nan. A lokacin sanyi Babban Diyomid na gaba da awa 21: idan ƙarfe 12 na ranar Alhamis ne a ƙaramin, to a babban ƙarfe 9 na safiyar Juma'a ne. Shi ya sa ake yi wa ɗaya laƙabi da Tsibirin Jiya, ɗayan Tsibirin Gobe. Yara su yi ta tafi, ni ma in ji daɗi na burge su.

Abin kunyar shi ne na yi shekaru ina wannan wasa ban taɓa tambayar kaina ko akwai mutane a kan ɗigon ba. Sai bayan na ajiye aiki, na samu lokacin karatu, na gane ashe da gidan mutane nake kacici-kacici.

Kun fi ni sanin tarihin, amma ku yi haƙuri in maimaita, domin wannan takarda ba ku kaɗai za ku karanta ta ba. Sunan Diyomid baƙo ne. Vitus Bering, ɗan Danmak da ke yi wa sarkin Rasha aiki, shi ya ratsa wurin a watan Agusta na 1728, ranar da cocin Rasha ke tunawa da wani waliyyinsu mai wannan suna, ya laƙaba musu. Masu wurin, mutanen Inupiyat, suna kiran ƙaramin Inalik, babban kuma Imaklik. Dangi ɗaya ne, harshe ɗaya, suna auratayya, suna farauta a ruwa ɗaya. Da rani su haye da kwale-kwalen da aka rufe da fatar walras, wata ƙatuwar dabbar teku mai haure biyu irin na giwa. Da sanyi teku ta daskare su taka da ƙafa. Su ne dillalan da ke tsakanin nahiyar Asiya da Amurka tun kafin a san waɗannan sunaye: fata da haure da man dabbobin teku su bi ta nan, ƙarfe da taba su bi ta can.

A 1867 Rasha ta sayar wa Amurka da Alaska a kan dala miliyan 7.2. Waɗanda suka yi cinikin a Washinton suka ja layi ya ratsa tsakanin tsibiran biyu, ba a tambayi ko mutum ɗaya daga cikin masu wurin ba. Da farko layin bai hana kowa komai ba, a takarda kawai yake. Ko bayan juyin juya halin Rasha an ci gaba da ziyara, har a 1938 gwamnatocin biyu suka amince a rubuce cewa 'yan asalin wurin na iya kai wa danginsu ziyara. Sai 1948, yaƙin cacar baka ya kankama, aka rufe ƙofa. Wasu mutanen Inalik da suka haye gaida 'yan'uwa a wannan shekara kamar yadda suka saba, tsare su aka yi makonni ana yi musu tambayoyi kafin a sako su. Mutanen Imaklik kuwa hukumomin Sobiyet suka kwashe su kaf zuwa babban yankin Cukotka, tsibirin ya zama na masu gadin iyaka. Da yawansu an kai su ƙauyen Naukan, shi ma Naukan ɗin aka rufe shi a 1958, aka sake watsa mutanensa wasu garuruwa. Ƙaura biyu cikin shekara goma. Suka narke cikin wasu ƙabilu, harshensu ya mutu a wancan ɓangare. Turai ta yi labulen ƙarfe, nan kuma aka kira shi labulen ƙanƙara.

Ku dubi yadda ƙauyen Inalik yake zaune. Gidajensa na manne ne a gindin dutse, a gefen yamma na tsibirin, wato suna fuskantar Imaklik kai tsaye. Duk wanda ya buɗe ƙofa da safe, in dai babu hazo, abin da zai fara gani shi ne ƙasar kakanninsa da kaburburansu, da ɗakin masu gadi. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Shekara fiye da 75 kenan.

A nan ne maganar ta taɓa ni, kuma shi ne dalilin da ya ba ni ƙarfin halin rubuto muku. Mu ma layi ya ratsa mu. Ingila da Faransa suka zauna tsakanin 1898 da 1906 suka raba ƙasar Hausa, Katsina ta faɗo nan, Maraɗi ta faɗa can, Daura nan, Damagaram can. Da wuya ka sami gida a garuruwanmu na bakin iyaka da ba shi da gwaggo ko kawu a tsallake. An rufe wannan iyaka a 2019, an sake rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, mun ga yadda zuwa jana'iza da suna ya koma abin lissafi da fargaba. Amma mu namu da sauƙi. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, akwai hanyar daji, akwai babur, kuma rufewar watanni ce. Ban isa in ce na san zafin da mutanen Inalik ke ji ba. Na dai ɗanɗana gefen cokalin, na kuma san abin da Bahaushe ke nufi da ya ce zumunci a ƙafa yake. Idan aka ɗaure ƙafar tsawon rayuwar mutum guda, jikoki za su tashi ba su san juna ba, ko an kwance daga baya ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba.

An taɓa kwance ta, wannan shi ne abin da ya hana ni yanke ƙauna. Ranar 7 ga Agusta 1987 wata Ba'amurkiya mai suna Lynne Cox ta faɗa cikin ruwan nan mai sanyin da ke kashe mutum cikin mintuna, ta yi iyo daga ƙaramin tsibirin zuwa babban cikin awa 2 da 'yan mintuna, kwale-kwalen fata na mutanen Inalik na raka ta. A watan Disamba na shekarar, da Gorbachev, shugaban Tarayyar Sobiyet, ya je Washinton sa hannu kan yarjejeniyar rage makamai masu linzami, ya ambace ta, ya ce ta nuna yadda al'ummomin biyu ke kusa da juna. A Yunin 1988 jirgin sama ya tashi daga Nom ta Alaska ya sauka Frobideniya ta Cukotka ɗauke da dattawan da rabonsu da danginsu shekara 40. A Satumban 1989 ministocin harkokin wajen ƙasashen biyu, James Baker da Eduard Shevardnadze, suka sa hannu kan yarjejeniyar da ta ba 'yan asalin yankin mashigin Bering damar ziyartar juna ba tare da biza ba, muddin akwai gayyatar dangi, su zauna har kwana 90.

Yarjejeniya ce mai kyau, sai dai tana da wani gurbi da ya kamata a ce ya ba kowa kunya. Ƙofofin da aka amince a bi ta cikinsu a ɓangaren Alaska su ne Nom da Gambel. Diyomid ba ta ciki. Mutumin da ke hangen Rasha daga tagar ɗakinsa, idan yana son shiga ta halal, sai ya juya mata baya, ya jira jirgi mai saukar ungulu ya kai shi Nom, tafiyar fiye da kilomita 200, sannan ya nemi jirgin haya mai tsada ya tsallaka da shi. Kamar a ce wa mutumin Jibiya in zai je Maraɗi sai ya bi ta Legas. Ga shi kuma ɓangaren Amurka bai kammala shirin takardar da 'yan Alaska za su riƙa nunawa ba sai 2015. Ba a daɗe ana morar abin ba annobar korona ta zo a 2020, yaƙin Yukren ya biyo baya a 2022, hanya ta sake toshewa.

Na san amsar da za ku ba ni, don haka bari in riga ku faɗa. Za ku ce majalisarku ba gwamnati ba ce, ba ta da ikon buɗe iyakar kowa. Za ku ce sanarwar Ottawa ta 1996 da ta kafa ku ta hana ku tsoma baki a harkar soja. Za ku ce tun Maris na 2022 ƙasashe bakwai suka jingine zama da Rasha, kuma abin da aka samu tun daga lokacin bai wuce a lallaɓa kwamitocin aiki su riƙa ganawa ta intanet ba. Duk gaskiya ne. Ban kuma raina yaƙin ba. Mutane na mutuwa a Yukren, cikinsu har da samarin ƙauyukan Cukotka da aka ɗiba. A Oktoban 2022 wasu Rashawa biyu suka tsallaka teku a ƙaramin jirgin ruwa suka sauka Gambel suna neman mafaka don gudun a kai su fagen daga, kuma na san irin wannan na sa kowace gwamnati ta ƙara ɗaure ƙofa. Haka nan Ba'amurken da ya shiga Rasha a yau yana iya shiga tarkon da ba shi ya ɗana ba. Wanda ya ce babu haɗari ƙarya yake.

Amma ranku ya daɗe, ai ba komai aka daina ba. Norwe da Rasha har yanzu suna zama su raba kason kifin tekun Barents, domin kifi kuɗi ne. Amurka da Rasha sun haɗa kai sun kai wa Hukumar Sufurin Teku ta Duniya shawarar hanyoyin da manyan jiragen ruwa za su riƙa bi a mashigin Bering, aka amince a 2018, ana kuma bin su. Ku da kanku, a taronku na Fairbanks a 2017, kun ƙulla yarjejeniyar sauƙaƙa wa masana kimiyya shiga da fita da kayan aikinsu a ƙasashen juna. Kun yi ta ceton rai a Nuk a 2011, kun yi ta malalar mai a Kiruna a 2013. Wato an san yadda ake buɗe wa kifi hanya, da jirgin dakon gas, da mai binciken ƙanƙara. Tsohuwar da ke son ganin ɗan ƙanwar mahaifiyarta kafin ta mutu ita ce ba a samo dabarar wucewarta ba. Wannan ba rashin iko ba ne kawai, akwai rashin sa abin a rai.

Har wani abin dariya ya faru kwanan baya. Bayan Trump da Putin sun gana a Ankorej ta Alaska a watan Agustan 2025, sai ga wani na hannun daman Putin, Kirill Dmitriev, yana tallar a haƙa ramin jirgin ƙasa a ƙarƙashin mashigin Bering, a haɗa nahiyoyin biyu da biliyoyin daloli. Mafarki ne tsoho, tun ƙarni na 19 ake yin sa, kuma masu zana shi sun saba bi da shi ta ƙarƙashin waɗannan tsibirai. Ana maganar huda dutse a ƙarƙashin gidan mutum, shi kuwa mai gidan an hana shi tuƙa kwale-kwale na rabin awa.

Lokaci kuma ba ya jiran ku. Ƙidayar Amurka ta 1990 ta sami mutum 178 a Inalik. A 2000 sun koma 146, a 2010 sun zama 115, a 2020 saura 83. Kowa ya iya lissafi ya san inda wannan layi ya dosa. Ba a kuma rasa dalili ba. Babu titi a garin sai matakala da hanyoyin katako tsakanin duwatsu. Yawancin gidaje ba su da famfo, sai a je gidan wanka da wanki na gari, ruwan sha kuma a tara a babban tanki da rani a yi ta tattalinsa. Da can idan teku ta daskare sosai akan share fili a kan ƙanƙara ƙananan jiragen sama su sauka, kaya su yi sauƙi, mara lafiya ya fita da wuri. Fiye da shekara goma kenan ƙanƙarar ba ta yin ƙwarin da za a dogara da ita, sai jirgi mai saukar ungulu, shi ma sai iska da hazo sun yarda. Farautar walras da sauran dabbobin teku, wadda ita ce rumbun garin, ta rikice domin ƙanƙarar da dabbobin ke hawa tana zuwa a makare ta tafi da wuri. A Nuwamban 2023 ginin hukumar garin ya zame daga kan ginshiƙansa ya jingina da makaranta, dole aka dakatar da karatu a cikinta, gwamnan Alaska ya ayyana dokar ta-ɓaci. Ƙasar da ta shekara dubbai a daskare tana riƙe da duwatsun ita ce ke saki. Manyan jiragen dakon mai da gas kuwa sai ƙaruwa suke ta gefensu saboda hanyar arewa ta buɗe. Ranar da ɗaya ya fashe, abincin Inalik ne zai fara mutuwa. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

A matsayina na malami, makarantar ce ta fi tsaya mini a rai. Ba nisa da Inalik akwai tsibirin King, wanda masu shi ke kira Ukibok. Hukuma ta rufe makarantarsa a 1959, iyaye suka bi 'ya'yansu zuwa Nom, kafin 1970 babu mai kwana a garin. Gidajen na nan a maƙale jikin dutse babu kowa. A dokar Alaska kuma makarantar da ɗalibanta suka gaza 10 tana rasa kuɗin jiha. Ba sai an aiko soja an kwashe mutanen Inalik kamar yadda aka yi wa na Imaklik ba. Ya isa a ƙyale su kawai.

To me nake roƙo? Ba na ce ku sasanta Amurka da Rasha ba, wannan ya fi ƙarfinku. Roƙona ku sa maganar dangin da iyaka ta raba a mashigin Bering cikin ajandar kwamitinku na raya al'umma, da sunanta, a rubuce, yadda duk wanda ya karɓi shugabanci zai tarar da ita. Wata yarjejeniyar da aka sa wa hannu tare da ta ziyarar a 1989 ta tanadi hukumar yanki mai wakilai daga ɓangarorin biyu. Ku nemi ƙasashen su farfaɗo da ita, ko da ta waya za a fara. A tattara sunayen zuriyar Imaklik da ke warwatse a Lorino da Labrentiya da Uwelen da sauran garuruwan Cukotka, a haɗa da na Inalik da Nom, tun dattawan da suka san wane ɗan wane ba su ƙare ba. Wannan aikin ba ya buƙatar kowa ya tsallaka ko'ina, kuma shi ne wanda in aka makara ba ya gyaruwa. Daga nan a nemi ƙofa ta musamman don rashin lafiya da mutuwa. In an kai ga sake zama kan yarjejeniyar, a sa Diyomid cikin mashigai. Kafin duk wannan kuma a je a tambayi mutanen garin da majalisarsu ta gargajiya abin da suke so, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wataƙila su ce jirgi da tankin ruwa da katangar tare igiyar teku sun fi musu gaggawa a kan duk abin da na lissafa. In sun faɗi haka, tasu za a bi, ba tawa ba.

Akwai madogara. Sashe na 36 na sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin 'yan asali, ta 2007, ya ce al'ummar da iyakar ƙasa da ƙasa ta raba na da haƙƙin ci gaba da hulɗa da danginta na tsallake, kuma wajibi ne ƙasashe su sauƙaƙa hakan. Ranar ƙuri'a Amurka ta ƙi, sai a 2010 ta ce ta goyi baya. Rasha ta ƙaurace. Kada in yi muku fuska biyu, ƙasata Nijeriya ma ƙauracewa ta yi, don haka ba daga kan tudu nake muku magana ba.

Ku da ke riƙe da shugabancin majalisar tun Mayun 2025, wato Masarautar Danmak da mutanen Girinlan a gaba, ku ne kuka fi kowa cancantar ɗaukar wannan magana. Ku Inuwit ne, 'yan'uwan mutanen Inalik ta harshe da jini, kuma ƙungiyar Inuwit ta duniya da ke zama a teburinku tana da rassa a Alaska da Cukotka duka biyu. Kun kuma yi irinta kwanan nan. Tsibirin Hans, wanda kuke kira Tartufaluk, dutse ne tsirara da bai kai murabba'in kilomita 2 ba, kuka yi kusan shekara 50 kuna ja-in-ja da Kanada a kansa, kowa ya je ya kafa tuta ya bar wa ɗan'uwansa kwalbar giya. Ranar 14 ga Yuni 2022 kuka raba shi biyu a Ottawa, kuka kuma rubuta cewa layin ba zai hana Inuwit na kowane ɓangare zirga-zirga a kansa ba. Tsibirin da babu mai kwana a kansa kenan. Na san Kanada ba Rasha ba ce, amma ko ba komai kun riga kun san kalmomin da ake rubuta irin wannan sharaɗi da su.

Ba na sa ran amsa, kuma in za ku amsa kada ku ɓata tambari a kaina. Ku aika wa majalisar gargajiya ta ƙauyen Diyomid, ta hanyar Nom. Jirgin da ke kai musu wasiƙu yakan je sau ɗaya a mako idan yanayi ya yi kyau, don haka ku rubuta da wuri kafin iskar hunturunsu ta taso.

Na gode da haƙurin karantawa. Allah ya ba da sa'ar aiki.

Naku,
Wani tsohon malamin labarin ƙasa,
daga bakin iyakar Katsina da Maraɗi.